Ranar da Kaka Ta Gyara Mana Zama

Ranar kasuwar Gwagwalada ce, cikin makon da aka fara cin sabuwar doya, a shekarar da na shiga aji uku, wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da sittin. Ina tsugune kusa da mahaifiyata a gindin wata ɗorawa ina korar ƙuda daga kan gautar da muka kasa, sai ga wata babbar mota mai bodin katako ta taso daga wajen Abuja ta tsaya tana huci. A lokacin in aka ce Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja ake nufi. Inda manyan gine-ginen nan suke a yau kuwa daji ne da duwatsu da gonakin mutane. Fasinjoji suka yi ta dirowa, masu kaji da masu buhunan gishiri, can daga ƙarshe sai na ga maza biyu sun tallabo wani mutum sun sauke shi a hankali kamar sabuwar randa. Ya dogara da sanda, ƙafarsa ta dama a miƙe take sanƙarau ba ta lanƙwasuwa. Aka miƙo masa akwatin ƙarfe da wani dogon abu a cikin buhun fulawa. Mama ta saki ƙwaryar da ke hannunta ta ce, "Wayyo Allah, Bulus!" Sai a nan na gane ƙanin mahaifina ne, wanda muke kira Baba Ƙarami. Ya rame har sai da na tsaya ina nemansa a cikin fuskar tasa.

Baba Ƙarami direban babbar mota ne a Kaduna, kuma a ƙauyenmu babu wanda yara suke ɗokin zuwansa kamarsa. Duk Kirsimeti zai zo da alewa da kwalbar turare, da jitarsa rataye a kafaɗa da igiyar fata. A tsaye yake kiɗa, yana tafiya yana rausaya, samari da 'yammata na biye da shi gida-gida, har gidajen Musulmin cikinmu, har rugar Fulanin da ke sauka bayan rafi da rani. Ban taɓa ganinsa ya kaɗa ta a zaune ba. Sai ga shi damina ta zame da motarsa a bakin wata gada, ya yi watanni a asibiti, gwiwar dama ta haɗe ta ƙi motsi, bayansa kuma ya samu rauni. Ranar nan a kan keken mahaifina aka ɗora shi, Baba yana turawa, Mama ta saɓa akwatin, ni kuma aka ba ni buhun fulawar. Tafiyar awa guda ce zuwa ƙauyenmu, amma sai da muka yi biyu. Duk inda na yi tuntuɓe sai abin da ke cikin buhun ya yi wani ɗan gurnani, ni kuwa daɗi ya kama ni.

Gidanmu ɗakuna biyar ne na jinka da rumbuna uku a tsakiya, ga bishiyar mangwaro a bakin ƙofa, ga wurin ginin tukwanen Kaka, mahaifiyar su Baba, a bayan rumbun dawa. A gida yarenmu na Gbagyi muke yi, Hausa kuwa ta kasuwa ce da makaranta da coci. Kaka ta iya Hausa daidai ta ciniki, tana ce wa namiji "ke", ta ce wa mace "kai", in an gyara mata ta ce ai mai tukunyar ya gane. Aikina kullum shi ne ɗebo ruwa sau biyu kafin a buga ƙarfen makaranta, wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a jikin kaɗanya. In an tashi kuma in bi Mama itace, ko in je korar birai daga gonar masara, ko in taya Kaka tattake yumɓu. Matanmu ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa muke ɗauka, can bayan wuya, don an ce kai ba a ɗora masa wahala. Tun ina 'yar shekara shida aka fara ɗora mini ƙaramin tulu, kuma ina alfahari da cewa ban taɓa zubar da ko ɗigo ba.

Baba Ƙarami ya tare a ɗakin da ke kusa da na Kaka. Da hantsi zai jawo tabarma gindin mangwaro ya miƙe ƙafar, ya zuba wa hanya ido har rana ta juya. Abinci sai Kaka ta tsaya a kansa. Sau ɗaya tak, bayan mun dame shi da roƙo, ya sa aka ɗauko jitar. Ya zauna a tabarma ya ɗora ta a cinyar dama kamar yadda kowa ke yi, amma da yake ƙafar a miƙe take, jitar sai ta riƙa zamewa tana gangarawa wajen gwiwa. Ya sunkuya ya bi ta, ya danne ta da gwiwar hannu, ya fara wata waƙa da muka sani. Bai kai rabi ba na ga ya cije leɓe, gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya dafe ƙugu. Ya ajiye ta a hankali ya ce, "Kiɗan nan na masu ƙafa biyu ne." Ya sa Baba ya rataye ta a jikin azarar ɗakinsa, can sama.

Ni kuwa raina yana wurin. In an aike ni kai masa kunu sai in yi ɗage in taɓa tsirkiya ɗaya da ɗan yatsa. Ran nan ya kama ni. Na ɗauka faɗa zai yi, sai ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Asabe, hau kan akwati ki sauko da ita. Tunda ni ta ƙi ni, bari mu ga ko ke za ta so ki." Daga ranar, kullum bayan la'asar in na gama aikina, sai in bar ƙawayena suna carafke da 'yar gala-gala a dandali in zo gindin mangwaro. Shi yana tabarma, ni ina kan wata saiwa da ta fito waje. Ya koya mini sunan kowace tsirkiya, da yadda ake murɗa kunnuwanta har sauti ya daidaita, da inda ake danna yatsa, dab da bayan ƙarafan da ke gicciye a wuyanta, ba a kansu ba. Kan yatsuna suka yi ƙuna, suka yi ruwa, suka yi kanta. Ranar da na haɗa sauti uku a jere ba tare da na tsaya ba, ya tafa hannu ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun da ya dawo. Kaka ta leƙo daga bayan rumbu da yumɓu a hannu, ta dube shi, ta koma bakin aikinta. A daren nan ya cinye tuwonsa tas.

Matsalar ita ce jitar ta fi ƙarfina. In na tsayar da ita a ƙasa kanta yana kai mini haɓa. Don hannuna na dama ya kai ga tsirkiyoyi sai na ɗaga kafaɗa har ta kusa taɓa kunnena, don in ga yatsun hagu kuma sai na kwantar da ita a cinya na duƙa a kanta kamar mai tsintar acca, wuyana a karkace, wuyan hannuna a lanƙwashe. Baba Ƙarami bai lura ba. Yatsuna kawai yake kallo, kuma shi kansa bai taɓa koyon kiɗan zaune ba balle ya koya wa wani. Bayan kamar wata biyu wani ciwo ya fara mini daga gindin wuya ya sauka bayan kafaɗar dama. Da safe in na tashi sai na juya jikina duka kafin in ga abin da ke gefena. A makaranta in ina rubutu a allo hannun yana sanyi, har malam ya taɓa zane ni don rubutuna ya lalace. Ban faɗa wa kowa ba. Na san abin da Mama za ta ce, domin tun farko ba ta so. A wurinta jita kayan samarin birni ne, ba ta taɓa jin inda 'ya mace ta kaɗa ba.

Asirina ya tonu wata safiyar Talata a hanyar rafi. Na cika tulu, Mama ta taya ni ɗorawa a kafaɗa, muka fara hawan gangare. Ban yi taku ashirin ba na ji kamar an soka mini allura mai zafi a wuya, hannuna ya saki da kansa. Tulun ya faɗi kan dutse ya tarwatse, sabon tulu ne wanda Kaka ta gina mini da hannunta ta yi masa zanen ƙadangare. Mama ta juyo za ta fara faɗa, sai ta ga yadda na tsaya. Ta ajiye nata, ta zame mini riga, ta tsaya a bayana ta daɗe. Kafaɗata ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Da ta danna wurin da yatsa na yi ƙara. Ba ta dake ni ba, kuka ta fara, ta riƙo hannuna har gida, ta tsaya a gaban tabarmar Baba Ƙarami.

"Bulus, dubi 'yarka," in ji ta. "Dubi abin da akwatin kiɗan nan naka ya mayar da ita. Yarinyar da ba ta iya ɗaukar tulu, ina za ta a duniya? Daga yau kada in ƙara ganin ta taɓa shi."

Bai musa ba. Ya dubi kafaɗata, ya dubi ƙafarsa, ya ce, "Kin yi gaskiya. Gurgu ɗaya ya isa gidan nan."

Kwana goma sha ɗaya jitar tana rataye. Mama tana gasa mini wuya da ruwan zafi tana shafa man kaɗanya, ciwon ya fara sauƙi, amma gidan ya koma yadda yake da, har ya fi. Baba Ƙarami ya daina fitowa gindin mangwaro. Na ji yana gaya wa Baba cewa ran Lahadi a kai wa malamin makaranta jitar kyauta, shi kuma in ƙafar ta ɗan yi ƙwari zai koma Kaduna ko gadi ne ya samu, don ba shi da amfani a nan. Na shiga bayan rumbu inda nake tattake yumɓu na yi kuka har majina ta zubo. Ban san Kaka tana kallona ba.

Ranar Asabar da hantsi, Baba ya tafi gona, Mama tana sheƙar dawa a tsakar gida, Kaka ta wanke hannuwanta, abin da ba ta yi sai rana ta faɗi. Ta ce in ɗauko abin nan mai kuka in zauna kan saiwar yadda na saba, tana son gani. Mama ta buɗe baki, Kaka ta ɗaga mata hannu ta ce, "Gani kawai zan yi." Na zauna na duƙa na fara kaɗawa. Kaka ta zagaya ni sau uku a hankali, hannu a baya, yadda take zagaya tukunya in tana gina ta. Ta tsuguna ta dubi ƙafafuna, ta tsaya a baya ta bi ƙashin bayana da babban yatsa. Sannan ta yi tsaki.

"Wannan ba nauyin kaya ba ne, zama ne," ta ce wa Mama. "Ko kaza kika ba ta ta riƙe haka wata biyu sai ta karkace. Shekara nawa ina gina tukwane, kin taɓa jin na ce bayana? Ni ba na sunkuya wa tukunya. In ƙarama ce in ɗora ta kan dogon turmi, in babba ce in sauke ta ƙasa. Ita ke zuwa inda nake."

Ta sa aka fito da duk abin zama da ke gidan. Kujerar tsugunno ta Mama ta yi ƙasa, gwiwoyina suka taso suka ture jitar. Akwatin ƙarfe ya yi tsawo, ƙafafuna suna lilo. Sai ƙaramin turmin daka yaji da ta kife ya yi daidai, tafin ƙafafuna duka biyu suka kwanta a ƙasa. Ta ce in matso bakin-bakinsa, kada in baje. Ta ɗauke jitar daga cinyar dama ta mayar hagu, ta yadda ƙugunta ya hau cinyar, gindinta ya sauka tsakanin ƙafafuna. Da ta ga wuyan jitar har yanzu yana kallon ƙasa, sai ta tura mini dutsen murhu ƙarƙashin ƙafar hagu. Ya yi yawa, ƙuguna ya murɗe. Ta cire ta kawo fasasshen gindin wata tukunya ta kife, shi ya yi. Jitar tana zamewa a kan zanena, sai ta naɗa gammo da tsohon tsumma ta cusa tsakaninta da cinyata. Kan jitar ya taso ya zo daidai kunnena. Sannan ta dafa kafaɗuna biyu da tafukanta masu sanyin yumɓu ta danna su ƙasa, ta ɗago haɓata da yatsa ɗaya.

"Kaka, ba na ganin yatsuna."

"In kina cin tuwo kina leƙa bakinki ne? Hannu ya san hanya. Dubi rumbu ki kaɗa."

Na dubi rumbu na kaɗa. Na yi kuskure sau biyu, na uku ya fita. Abin da ya ba ni mamaki shi ne hannuna na hagu da ya riƙa yawo a wuyan jitar sakayau, ba ya ɗauke da nauyinta, numfashina kuma yana sauka har ciki. Sautin ma ya ƙara buɗewa, tunda na daina danne bayanta da cikina. Mama ta tsayar da sheƙa ta zo ta tsaya a bayana, ta dubi kafaɗun nan a jere. Ta ce, "To, amma in ta gaji ta tashi." Kaka ta ce haka za a yi: waƙa uku, sai in miƙe in zagaya rumbu ina jujjuya hannuwa, sannan in dawo.

Duk abin nan Baba Ƙarami yana bakin ƙofar ɗakinsa dogare da sanda. Kaka ta juya ta yi masa magana da Hausarta ta kasuwa, yadda take yi in tana son ba mutane dariya: "Ke ma zo ki zauna." Ya ce, "Iya, ki bar ni. Nawa ba na zama ba ne." Ta koma yarenmu, muryarta ta yi ƙasa, ta ce, "Ni na koya maka zaman farko a duniya. Ba za ka gaya mini abin da ba za ka iya ba."

Nasa ya fi nawa ɗaukar lokaci. Babban turmin surfe aka kife masa, aka jingina da bangon rumbu, don in ya zauna a sama ƙafar da ta sandare sai ta sauka gefe ta huta a kan dunduniya ba ta tsare masa komai ba. Kaka ta naɗe buhu ta cusa tsakanin ƙugunsa da bango. Ƙafar hagu mai lafiya aka ɗora kan kujerar tsugunno, jitar ta hau kanta. Duk da haka in ya saki hannu sai ta nemi kifewa gaba, shi kuma ya ɗaure jiki don ya tare ta, ciwon ya motsa. Igiyar fatar da yake rataya jitar da ita ta ɓace tun ranar hatsarin. Kaka ta tsaya tana tunani, sannan ta shiga ɗakinta ta daɗe muna jin tana buɗe tukwanen ajiya. Ta fito da wani tsohon majanyi saƙar hannu, faffaɗa, ya koɗe har ba a gane launinsa. Ta ƙulla bakinsa ɗaya a wuyan jitar, ta zagayo da shi ta bayansa, ta ɗaure ɗayan a gindinta, ta ja ta sassauta har jitar ta kwanta a ƙirjinsa ta tsaya da kanta.

Ya shafa majanyin ya ce, "Iya, wannan ba shi ne..."

"Shi ne. Da shi na goya ka, kuma ka fi wannan abin nauyi."

Ya ɗora yatsunsa a kan tsirkiyoyin. Sannan ya fara waƙar nan da ya yanke a tabarma, ya wuce inda ya tsaya, ya kai ta ƙarshe, ya shiga wata. Hawaye na bin fuskarsa bai share ba saboda hannuwan duka suna aiki. A waƙa ta uku na ji wata murya tana amshi daga bayana, na juya na ga Mama ce, faifai a hannu. Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan danga. Wata Bafulatana da ta shigo da tallan nono ta sauke ƙwaryarta ta zauna. Kaka kuwa ta bar mu ta koma bayan rumbu, tana mitar yumɓunta ya bushe.

Ba a kai wa malam jitar ba, Baba Ƙarami kuma bai koma Kaduna ba. Wani masassaƙin turame a ƙauyen ya sassaƙa masa doguwar kujera mai majingini daidai tsawon turmin nan, a kanta ya fara gyaran kekuna da fitilu a bakin hanya, a kanta yake kiɗa a coci da wuraren biki. Bayan shekara biyu ya yi aure. Ni kafaɗata ta koma daidai kafin a girbe dawa, na ci gaba da ɗaukar tulu, na kuma ci gaba da kiɗa, duk shekara Kaka tana canza mini abin zama saboda ƙafafuna suna ƙara tsawo. Ni ce mace ta farko da ta kaɗa jita a cocinmu, Mama tana layin gaba tana gaya wa ta kusa da ita cewa 'yarta ce, kamar akwai wanda bai sani ba.

Yau Kaka da Mama da Baba Ƙarami duk sun riga mu gidan gaskiya. Hanyar da muke bi zuwa rafi ta zama layin shaguna, gonar masararmu gidajen haya ne na ɗalibai, ni kuma ina zaune a Jikwoyi, na yi ritaya daga koyarwa, yatsuna sun fara jin sanyi ba sa dannawa kamar da. Jikokina suna koyon jita a waya, kowa a ɗakinsa, a duƙe a bakin gado. Mutumin da ke cikin wayar ya iya kiɗa ƙwarai, amma ba ya ganinsu. Iyayensu na fita tun asuba don gudun cunkoson hanya, su dawo a gajiye. Ba mu da komai a wancan gidan namu na jinka, amma muna da tsohuwar da za ta bar yumɓunta ya bushe, ta ɓata wuni guda tana kallon yadda yarinya take zama. Irin wannan kallon nake kewa.